Hararar Mushe Mainasara

Gure, cikin watan Fabrairu

Zuwa ga Yayata Ummul Kulsum,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki Rumasa'u, da fatan kina lafiya, karatun ungozoma kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙugunta, Gwaggo Yabawa ta zo daga Bune tana nan tana faɗa da kowa kamar yadda ta saba, jar akuyarki kuma ta haifi biyu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Baba ya karɓe salulata ya kulle a akwatinsa, ya ce sai na gama jarrabawar birebe ta fita kwaleji. Ta Inna kuwa in an kira, gida duka ke ji. Shi ya sa na roƙi Ɗan Talata direba ya riƙa kai miki, tunda motarsa na zuwa Yamai.

Idon Baba ne dai ba daɗi. Ya daina karatu, har agogon hannunsa ni yake miƙo wa in duba masa. Amma bakin nan na malanta yana nan garau. Kullum bayan la'asar sai ya sa in shimfiɗa tabarma gindin kurnar tsakar gida, ya ce, "Ruma, kawo kanki." Yanzu muna kan abin nan da ke kayar da 'yan ajinmu a Faransanci, subjonctif passé. Mushenmu, wato malaminmu na kwaleji, ya cika allo da zane ban gane komai ba. Baba kuwa cewa ya yi, "Abu ya faru ya wuce, ba ki iya dawo da shi. Saura abin da zuciya ta ji a kansa, ko murna, ko tsoro, ko da-na-sani. To wannan shi ne kwanon da Faransawa ke zuba shi." Ki ɗauko avoir ko être ki sa masa rigar subjonctif, ki jingina masa participe passé, shi ke nan. Je suis content qu'elle ait mangé, wato na ji daɗi da ta ci abinci. In na kuskure kuwa sai ya ɗago kai ya matso da fuska ya zuba mini hararar nan tasa, ko da idon ba ƙarfi.

Shekaranjiya ya ce kaina na ja, ya ɗauko jan alƙalamin da yake gyaran kaye, littattafan rubutun yara, da shi tun yana aiki, ya ce nawa ne. Yaya, na kasa cin tuwo don murna. Tun da mahaifina ya rasu Baba ya ɗauko ni, ban taɓa jin ni 'yar gidan nan ce kamar ranar ba.

Inna ba za ta faɗa da bakinta ba, amma ta sa Gwaggo ta ce in gaya miki, in an tambaye ku inda kuke so a tura ku aiki, ki rubuta Gure.

Taki,
Rumasa'u

Yamai, farkon Maris

Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da dabinon da Inna ta cusa ba ta ce daga ita ba ne. Ina lafiya, sai gajiyar asibiti. Ki gai da Gwaggo, ki duba Baba da idon, Allah ya ba shi lafiya.

To, barka da jan alƙalami. Na san shi sarai, shekara guda ina kallonsa a aljihun Mushe Mainasara, wato Baba, lokacin da nake ajinsa na ƙarshen firamare. Ban taɓa riƙe shi ba, amma na san shi.

"Ruma, kawo kanki." Na karanta wurin nan na maimaita har abokiyar ɗakina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Kin san me yake kirana a aji? "Ke ta bakin taga." A gida kuma "yarinyar nan." Kada ki fara karanta mini cewa ni 'yar fari ce, kunya ce, al'ada ce. Na san wannan tun kafin a haife ki. Saboda ita aka kai ni Bune wurin Kaka tun daga yaye, ban dawo ba sai da na isa shiga lakwal, makarantar boko. Amma ki duba mutumin nan fa. Shi ne ya bi ƙauyuka har Alakos yana faɗa da iyaye su sa 'yan mata lakwal. Shi ne ya kori wanzami daga zaure ranar da za a cire miki belu. Al'adu nawa ya zubar, sai wannan ɗaya ya riƙe da hannu biyu, wadda ta faɗo a kaina.

Wannan subjonctif ɗin naki ni ma a bakinsa na koya, cikin yara fiye da sittin, ba tabarma ba kurna, ba kuma maganar kwano. Ban taɓa kuskure a ajinsa ba ko sau ɗaya, don ina ganin in na iya zai kalle ni. Ashe na yi wauta, mai kuskure ake kallo. Akwai wani Inusa ɗan mahauci, kansa kamar dutsen niƙa, kullum sai ya sha harara. Wallahi kishin Inusa na yi ta yi shekarar nan duka. Ranar da na zo ta ɗaya a duk yankin Gure, malamai na ta yi masa barka, ya wuce ta gabana kamar ya wuce turmi. Ranar da zan taho Yamai kowa ya raka ni tasha ban da shi.

Ba laifinki ba ne, na sani. Amma raina ya ɓaci, kuma ban iya ɓoyewa. Ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, tun da na taho ya taɓa tambayar lafiyata?

Maganar inda za a tura ni, ina tunani.

Yayarki,
Ummul Kulsum

Gure, ƙarshen Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, zafi ya fara, rijiyar unguwa sai an yi sammako. Ɗaya daga 'yan akuyarki ya ci mini rabin kaye, don haka ke ma kin taɓa karatuna.

Kin ce in faɗi tsakanina da Allah. To bai taɓa tambaya ba, a gabana dai. Amma ai kin san ba zai iya ba, Inna ma ba ta ambatar sunanki, kuma ba ki ce ba ta son ki ba.

Ga abin da ya fi wannan. Makon jiya na raka Baba Damagaram wurin likitan ido. Ni na riƙe hannunsa muka tsallake titi, Yaya, mutumin da in ya taho yara ke watsewa. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, ciwon daga ciki yake cin ganin, yana rufowa daga gefe. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage masa gudu ne kawai. Na bi shi waje na tambaye shi, ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kada mu sa rai ya kai kaka. Yanzu ma da safe ne yake ganin fuskar mutum, in an matso kusa kuma rana na dukanta.

A mota na ce, "Baba, a gaya wa Yaya ta zo ko da kwana biyu ne." Sai da muka wuce Gidigir sannan ya ce, "A bar ta da karatunta. Ba sai ta zo ba." Ni dai na gaya miki, don ban ga dalilin ɓoye miki ba.

Karatu kuwa bai fasa ba. Da muka dawo ko hutawa bai yi ba ya ce a shimfiɗa tabarma. Yanzu mun shiga masu tafiya da être, qu'elle soit partie, qu'elle soit arrivée. Ya ce a duk yaran da ya koyar a gida ba wanda ya kama da sauri kamata. Ki zo mana, in kin zo sai mu gwada ni da ke a ga wadda ta fi.

Taki,
Rumasa'u

Yamai, Afrilu

Rumasa'u,

Na samu takardarki. Ina lafiya. Labarin idon Baba ya tayar mini da hankali, na je na tambayi wani likitanmu, ya ce abin da aka gaya muku haka yake. Ki kula da ɗiga maganin kan lokaci, kada a tsallake.

Na riga na fara haɗa jaka, sai na kai wurin da kika rubuta "ba sai ta zo ba." Na mayar da kayan inda suke. Mutum ganinsa na ƙarewa, an ce a kira masa 'yarsa, ya ce ba sai ta zo ba. Me ya rage kuma? Wanda ke da ido biyu garau bai kalle ni ba, yanzu da saura rabin ɗaya zai ɓata shi a kaina? Yana da wadda zai kalla, tana riƙe masa hannu a titin Damagaram.

Kuma wai mu gwada a ga wadda ta fi. Ba sai an gwada ba, ƙanwata, alƙali ya riga ya yanke. "A duk yaran da ya koyar a gida." Ni ai ba a gida aka koyar da ni ba, don haka ko cikin lissafi ba na ciki. Kin iya zaɓen abin da za ki rubuto wa mutum, Allah ya ƙara basira.

An raba mana takardar zaɓen wurin aiki. Na rubuta Gaya, can bakin kogi, inda ba wanda ya san ni 'yar fari ce ko 'yar auta. Da babban hutu ma ba zan zo ba, na samu wani asibiti da zan taya su aiki. Ki gaya wa Gwaggo ta gaya wa Inna, ni ban iya.

An ce ɗan riƙo wahala gare shi. Ban ga alama ba, na ga dai wata ta zo da 'yar jakarta ta samu uba da tabarma da alƙalami. Ki riƙe da kyau.

Ummul Kulsum

Gure, farkon Yuni

Yaya Ummu,

Sallama. Muna lafiya, an yi ruwan farko, mutane sun fita shuka. Ɗan Talata ya yi ta zuwa yana tambaya ko akwai saƙo ina cewa babu. Maganarki ta 'yar jaka ta yi mini ciwo, na rantse ba zan sake rubuto miki ba. Yau na karya rantsuwar, kuma ba don na huce ba.

An yi mana jarrabawar gwaji, na faɗi wurin da nake taƙama da shi. An ce mu sa aikatau da nous da vous da ils, wato mu da ku da su. Yaya, kaina ya ɗaure. Na rubuta que nous ait, mushe ya zagaye shi da ja ya karanta wa aji, aka yi ta dariya. Sai a lokacin na lura, wata huɗu ina kan tabarmar nan, Baba bai taɓa ba ni misali da kowa ba sai elle. Ita, ita, ita, kullum ita.

Na dawo gida ina kuka na tarar da Inna da Gwaggo a madafa. Gwaggo ta ce in faɗa mata da Hausa abin da ake koya mini da har zai sa ni kuka. Na fara jero mata yadda na haddace. Je suis fier qu'elle ait fini première, ina alfahari da ta zo ta ɗaya. Je regrette qu'elle ait grandi loin d'ici, ina baƙin ciki da ta girma nesa da nan. J'ai peur qu'elle ait eu froid dans le car, ina tsoron ko ta ji sanyi a mota. Je suis triste qu'elle se soit brûlé le pied, raina ya ɓaci da ta ƙone a ƙafa. Ina kai nan Inna ta ajiye muciya ta shige ɗaki. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ke, ƙafar wa ta ƙone in ba ta Yayarki da ta taka garwashi a Bune tana 'yar ƙarama ba? Ranar a kan raƙumin aro Babanku ya zo, ya tsaya bayan darni yana tambayata, ya koma bai shiga ba." Akwai wata kuma da na sha maimaitawa ban san me nake faɗa ba. Il vaut mieux qu'elle ne m'ait pas vu à la gare, gara da ba ta gan ni a tasha ba.

To kin ji. Kina can kina kishina, ashe ni bango ce yake yi wa magana don ta bayan bangon. Da Hausa kunya ta ɗaure masa baki, sai ya samu Faransanci da wata sakarya mai maimaitawa. Ni da ba ni da wani uba sai shi, na zauna ina jin daɗi wai kaina na ja, alhali a duk jimlolin nan babu tawa ko ɗaya. Har jarrabawata ya manta da ita saboda ke. Ina jin haushinki, Yaya, haushi sosai, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Washegari na ce masa, "Baba, an kayar da ni, ba ka koya mini sauran ba." Ya ce, "Kin yi gaskiya, Ruma, na cuce ki. Mu fara daga je, wato ni." Ya juya fuska wajen ƙofar gida ya ce, "C'est dommage que je ne l'aie jamais bien regardée." Ba sai na fassara miki ba, amma ga shi don ki ji yadda na ji: abin takaici ne da ban taɓa kallonta da kyau ba. Ya ce in maimaita, na kasa.

Yanzu ko da safe sai na matso sosai yake gane ni. In Gaya ce, Allah ya ba da sa'a.

Rumasa'u

Yamai, ranar da takardarki ta iso

Ƙanwata Ruma,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, in ban da idona da ya kumbura. Ɗan Talata zai juya gobe, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Tabon yana nan a ƙafata ta hagu. Kaka ta ce mini ba wanda ya zo daga Gure lokacin. Ranar tasha kuwa na yi ta waige har motar ta fita gari, ban ga kowa ba, kuma na ji sanyi a hanya, ki ji fa, na ji.

Maganar 'yar jaka ki yafe mini, bakina ne ya fi ni. Amma kada ki ce ke bango ce. Bango ba a kiran sunansa, ke kuwa kullum bayan la'asar ana kiran naki a tsakar gida kowa na ji. Ki ba ni "Ruma, kawo kanki" guda ɗaya ki kwashe jimlolin nan duka, in kin yarda yau ma a yi musaya. Har yanzu ina kishinki, kada ki ɗauka na warke. Ga taki jimlar tunda kin ce ba ki da ko ɗaya, kuma ta shiga jarrabawa: je suis contente que tu sois restée près de lui, na ji daɗi da kika zauna kusa da shi. Sauran ba wuya, que nous ayons, que vous ayez, qu'ils aient. In na zo zan matsa miki har sai kin yi mafarkinsu.

Takardar Gaya ta riga ta wuce ofis. Na je yau, sun ce in rubuta roƙo, ba su yi alkawari ba. Wannan ni na jawo, in ta tabbata zan sha abina. Amma na nemi izini, ina tahowa a motar Ɗan Talata ta mako mai zuwa.

Ga abin da nake so ki yi, kuma kada Baba ya ji. Na san in na shigo na durƙusa na gaishe shi, zai amsa yana kallon katanga, ba zai sake hali da tsufa ba, ni ma ba zan sa shi ba. Uba ba ya kallon 'yar fari, amma malami yana kallon ɗaliba. Ki ce masa jarrabawa ta matso, kina so a mayar da karatu da safe. Ki shimfiɗa tabarma gabas da kurna inda rana ke faɗowa, ki zaunar da shi ya ba rana baya. In ya ce a kawo misali, ki matsa gefe, ni zan zauna wurinki, dab da shi, ta wajen idon dama.

Na shirya jimlata. Daidai ita ce je suis contente qu'il m'ait attendue, na ji daɗi da ya jira ni. Ni kuwa qu'il m'a attendue zan ce, da ƙarfi, irin na Inusa ɗan mahauci. Na san Mushe Mainasara, bai taɓa jin kuskure ya bar kansa a sunkuye ba. Zai ɗago, zai matso da fuska, zai harare ni. Ki bar shi ya harara iya son ransa, kada ki gyara mini, kada ki yi dariya.

Ki ara mini tabarmarki ta safiya ɗaya. Zan mayar miki.

Yayarki,
Ummul Kulsum